Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaro Da Babban Hafsan Sojan Ƙasa: A Sama Wa Iyalan Sojojin Bakin Daga Hanyar Jin Labarin Nasu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku, ya jiƙan dakarunmu da suka kwanta dama, ya ba waɗanda suka ji rauni lafiya.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma wa ne ga wani kofur da ke aiki ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai a arewacin Borno. Ba zan ambaci sunansa ko bataliyarsa ba, kun fi ni sanin dalili. Na rubuto ne a madadin iyalai da dama na cikin birnin Kano, daga Kurna da Rijiyar Lemo da Fagge da Ɗorayi da Hotoro, har da maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari. Abu guda ne ya haɗa mu: kowa yana da nasa a bakin daga. Cikinmu akwai iyaye mata da girma ya kama, da matan aure masu goyo, da ƙanne da karatunsu ya rataya a albashin soja guda. Yawancinmu ba a bariki muke zaune ba. Matar da ke Barikin Bukavu ko Janguza tana da magajiya, wato shugabar matan bariki, tana da maƙwabciyar da mijinta ke bataliya ɗaya da nata, labari ba ya wuce ta. Mu da ke cikin gari kuwa, sai abin da waya ta kawo.

Tun da fari bari in kawar da wani zato. Ba mu neman a gaya mana inda runduna ta dosa, ko yawan mutanen da ke sansani, ko ranar da za a fita farmaki. Mun san waya na iya tona asirin wurin da mutum yake, mun san hoto guda a Facebook na iya jawo asarar rayuka, kuma ba mu ga laifin ƙa'idar da ta taƙaita wa soja amfani da kafafen sada zumunta ba. Abin da muke nema bai kai nan ba: mu riƙa jin cewa yana raye, idan kuma ta Allah ta kasance, mu ji daga bakinku kafin mu ji a titi.

Kuka na farko shi ne na sabis. Tun watan Satumban 2012 'yan Boko Haram suka fara ƙona turakun sadarwa a jihohin Arewa, har mu nan Kano abin ya shafa. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, hukuma da kanta ta katse layukan waya a jihohin uku. A watan Satumban 2021 aka sake yin haka a Zamfara, sannan aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Kowane karo an ce tsaro ne dalili, kuma mun karɓa. Sai dai a duk lokacin, sojan da aka tura wurin shi ma an yanke shi daga uwarsa da matarsa, ba a kuma ajiye masa wata ƙofa ba. Har gobe akwai garuruwan bakin iyaka da sabis ɗin Najeriya ba ya isa, mutanen wurin da layin Kamaru ko na Nijar suke magana. Soja zai hau kan tudu ko saman mota yana ɗaga waya yana laluben sanda ɗaya, in ya dace ya samu, magana ta katse a tsakiyar gaisuwa. Kuɗin kiran daga aljihunsa ne, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data.

Ga dabarar da yaran nan suka ƙirƙiro wa kansu, don ku ga inda abin ya kai. Duk wanda aka aika Maiduguri ko Monguno, abokan aikinsa za su rubuta masa lambobin gidajensu a takarda. Da ya shiga wurin sabis sai ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya: Mama, ɗanki yana gaishe ki, lafiyarsa ƙalau. Haka mahaifiyarmu take jin labarin autanta a mafi yawan lokuta, daga muryar baƙon da ba ta taɓa gani ba, wani sa'in ma Hausarsa ba ta fita sosai. Tana sa masa albarka kamar ita ta haife shi. Allah ya saka wa yaran nan, amma wannan zumunci ne tsakaninsu, ba tsari ba ne. Ranar da ba a aiki kowa ba, shiru ke nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kakanninmu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) da ke Asiya a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suna aiko da wasiƙa gida. Yawancinsu ba su yi boko ba, wani ke rubuta musu, hafsa ya duba ya soke abin da bai kamata a faɗa ba, takarda ta hau jirgin ruwa ta ƙetaro teku har ta iso Kano, a nemo mai karatu ya karanta wa iyali a zaure. Tana daɗewa a hanya, amma akwai hanyar, kuma hukuma ce ta shimfiɗa ta. Bayan haka aka yi zamanin da soja ke aika gaisuwa ta shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, gida a ji sunansa a san yana nan. Yau Maiduguri tafiyar yini guda ce daga Hotoro, kowa na da waya a aljihu, amma sai a shafe watanni ba a ji ɗuriyar mutum ba.

Kada a ɗauka kewa ce kawai ke damun mu. Gidan Bahaushe da maganar maigida yake tafiya. Matar ƙanena ta haihu yana daji, ranar suna ta zo ba a same shi ba, dole ni na zaɓi sunan, liman ya raɗa, aka yanka rago. Da ya samu sabis daga baya, ashe sunan marigayi mahaifinmu ya so a mayar. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi Allah ya raya, amma na ji muryarsa. Wata baiwar Allah cikinmu likita ya ce sai an yi wa ɗanta aiki, dangin miji suka ce ba za a taɓa yaro ba sai da izinin ubansa, aka yi ta jan ƙafa ciwo na ci. Akwai ɗaurin auren da aka ɗage saboda waliyyi bai samu damar wakilta kowa ba. Akwai kuma maganar kuɗi. Da aka rufe kira a layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba a watan Afrilun 2022, mu 'yan gari mun je mun bi layi mun gyara. Wanda ke cikin rami a bakin Tafkin Chadi wane ofishi zai je? Layin nan kuwa shi ke ɗaure da asusun albashinsa, da shi yake tura wa gida kuɗin cefane. Sannan layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya sayar wa wani. Wata uwa a Kurna ta kira lambar ɗanta, wata yarinya ta ɗauka ta ce ita ta sayi layin. Ku kwatanta daren da matar nan ta yi.

Kuka na biyu ya fi nauyi, shi ne yadda labarin mutuwa ke iso mana.

Ba mu manta da harin Metele, a arewacin Borno, na ranar 18 ga Nuwamban 2018 a kan bataliya ta 157 ba. Kwanaki suka shuɗe hotuna da bidiyo na yawo a wayoyin mutane kafin a ji sanarwar hukuma, daga baya aka ce sojoji 23 ne suka rasu, kafafen labarai kuma na ba da adadin da ya ninka haka. Ba gardamar lissafi ta kawo ni ba. Ina so ne ku hango abin da ke faruwa a gida irin namu a kwanakin shirun nan. Matasa na buɗe bidiyon gawarwaki suna tsayar da shi, suna faɗaɗa fuska, suna duba ko nasu ne. Ana ɓoye wa tsohuwa waya, ana rage muryar rediyo idan lokacin labarai ya yi. Maƙwabta na shigowa da sallamar da ba a san ko ta ta'aziyya ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, kuma duk lokacin da aka ce an kai hari a Marte ko Damboa ko Malam Fatori, sai mun sake shiga wannan duhun, ko da namu ba ya kusa da wurin, domin ba mu ma san takamaimai inda yake ba.

Akwai gefen addini da nake ganin ba a lissafa shi a ofis. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar da labari ya iso ba. Ke nan idan aka yi wata uku ba a sanar ba, an cinye mata mafi yawan takabarta tana kwalliya tana zuwa biki, ba ta san ita bazawara ba ce. Idan aka wuce wata biyar, takabar ta ƙare ba ta yi ba. Ba ta da laifi a wurin Allah, amma ku tambayi kowace mace abin da wannan ke bari a zuciya. Haka zaman makoki, haka rabon gado, haka bashin da ke kan mamaci wanda ake so a gaggauta biya. Mun fahimci cewa gawa ba ta jira, kuma binne soja kusa da inda ya faɗi, a maƙabartar barikin Maimalari ko wani wuri, ba abin ƙi ba ne. Amma a ce an yi wa mutum sutura an rufe shi, uwarsa na Kano tana ajiye masa kilishi da yajin da za a kai masa, wannan bai dace da ƙasar da ya ba ransa ba.

Wani ɓangare na matsalar daga takarda yake. Yaro yana shiga Defo a Zariya yana saurayi, a ba shi fom ya rubuta makusancinsa, ya sa sunan mahaifinsa da lambar wayar lokacin. Shekara goma ta wuce, uban ya rasu, lambar ta mutu, shi kuma ya yi aure ya haifi uku. Ranar da aka tashi neman iyalinsa, sai a kira lambar da babu mai ɗauka, a rubuta cewa ba a same su ba.

Sai waɗanda aka ce sun ɓace. Wannan ya fi mutuwa wahalar ɗauka, kuma su ne suka fi kowa rashin mai saurare. Matar ba ta da miji a gida, ba ta kuma da ikon takaba. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na Kano ke bi, matar wanda ya ɓace sai ta kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata wa'adin jira wanda a wasu halaye yake kai shekara huɗu, kafin ta yi idda. Alƙali kuwa da hujja yake aiki, zai tambayi yaushe aka rabu da ganinsa, a ina, wa ya shaida. Duk amsoshin nan suna cikin fayil ɗinku, ita ba ta da ko ɗaya. Na raka wata 'yar unguwarmu wani ofishi neman bayanin mijinta, aka karɓe mu da mutunci, aka ce sigina, wato sanarwar hukuma daga rundunarsa, bai iso ba tukuna, a dawo. Aka yi ta dawowa har ta gaji ta koma gidan iyayenta da yara.

Inda hukuma ta yi shiru, 'yan damfara ke buɗe kasuwa. Sun san gidajen sojoji, sun san muna cikin zullumi. Sai a kira da dare, a ambaci sunan mutum da muƙaminsa daidai, a ce an harbe shi yana asibiti, a turo kuɗin jini yanzu-yanzu. Wa zai tsaya bincike? Kuma a wurin wa zai bincika, tunda babu lambar da aka ba mu? Na san gidan da aka sayar da keken ɗinki a daren aka tura kuɗin ta POS, bayan kwana biyu ɗan nasu ya kira lafiyarsa lau. Akwai kuma masu duba da ke karɓar na goro su ce sun hango shi a raye a wani tsibiri.

Maganar fas, wato izinin da ake ba soja ya zo gida hutu, ba zan tsawaita ba, don kun san ta. A watan Agustan 2018 sojoji sun yi bore a filin jirgin saman Maiduguri lokacin da za a kai su Marte, kukansu kuwa shi ne sun daɗe a fagen fama ba a canza su ba. Mu a gida abin da muke gani shi ne yaro ya yi wayo bai san fuskar ubansa ba sai a hoto. In an ba da fas ɗin ma, kwanakin hanya ta Damaturu da Potiskum da Azare da Wudil na cin rabonsu, zuwa da komawa.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A sa wayar tauraron ɗan'adam, ko intanet ta tauraro, a kowane sansanin da sabis ba ya kaiwa, a ware wa kowane soja 'yan mintuna a mako ya kira gida kyauta. A yi kiran a gaban hafsa in ana so, a hana hoto, a hana faɗin wuri, duk mun yarda. Rundunar da ke iya kai harsashi da man fetur da garin tuwo sansani ba za ta gaza kai waya guda ba. Inda hakan ma ya faskara, a mayar da dabarar yaran nan doka: duk mako a tattaro sunayen waɗanda ke lafiya, ofis ya tura wa iyalansu gajeren saƙo.

A buɗe teburin iyali a nan Kano, a hedikwatar birged ta 3 da ke Bukavu, a wurin da farar hula zai iya shiga ba tare da an mayar da shi daga ƙofa ba. A ba shi lambar waya guda da za a sanar a gidajen rediyo, mai ɗauka ya iya Hausa, a kuma sa mace cikin ma'aikatan, domin akwai maganar da matar aure ba za ta yi da namiji baƙo ba. Wannan lamba kaɗai ta isa ta karya kasuwar 'yan damfara.

Game da rasuwa, muna roƙon a kafa ƙa'ida mai wa'adi, a kuma bayyana ta kowa ya sani. Sojan Amurka ba ya sakin sunan mamaci ga 'yan jarida sai an yi awa 24 da sanar da iyalinsa, kuma mutane ake turawa har gida cikin kaki. Sojan Ingila, lokacin da suke Afganistan, da an yi rashi sai su rufe wayoyin sansani gaba ɗaya har sai an isa ga iyalin. Ba kuɗi ne ya ba su wannan ba, tsari ne. Mu a nan ma muna da abin da ya fi dacewa da mu: hafsa ya zo da limamin bariki ko fasto, su biya ta wurin mai unguwa, shi ya san dattijon da za a fara gaya wa da yadda za a shiga wurin uwa. A zo da takarda mai ɗauke da ranar rasuwa da wurin da aka binne shi, don takaba da gado su hau kan lissafi, don kuma 'ya'yansa su san kabarin da za su ziyarta. Wanda ya ji rauni aka kai shi asibitin sojoji na 44 a Kaduna ko wani wuri, shi ma a gaya mana, Kaduna ba nisa, za mu je jinya.

Kafin a tura kowace bataliya, a sake ba kowane soja fom ɗin makusanci ya sabunta, ya sa mutum biyu da lamba biyu da sunan unguwa da na mai unguwa. Aikin awa ɗaya ne a filin fareti.

Iyalin wanda ya ɓace a ba su takarda a hukumance da alƙali zai karɓa, a sa musu jami'i guda da za su riƙa tuntuɓa, a riƙa waiwayarsu lokaci-lokaci ko da babu sabon labari, kada kuma a bar yaransa da yunwa ana jiran sigina.

Muna roƙon ku zauna da NCC da kamfanonin waya a kan layukan sojojin da ke bakin aiki, kada a rufe su ko a sayar har sai sun dawo, duk wata rajista kuma a bi su da ita sansani. Fas kuma a yi masa jadawalin da soja zai sani tun da wuri, a daina lissafa kwanakin hanya a ciki.

'Yan majalisarmu na Kano a Abuja, ku ma da ku muke, domin ku ke zama a kan kasafin tsaro, kuma waɗannan iyalai a mazaɓunku suke. 'Yan'uwana masu waya kuma, don Allah a daina tura hoton gawar soja a WhatsApp da sunan neman addu'a. Kafin ka tura, ka sani wataƙila ƙanwarsa na cikin zauren.

Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana sakin tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, muna kuma ganin girman hakan. Muna roƙon kafin ta gaba ta zagayo, a ce teburin Kano ya buɗe, an kuma sanar da lambarsa. Idan kuna son jin waɗannan bayanai daga bakin masu su, a shirye muke mu zo, mata da maza, duk ranar da kwamandan birged ya sa mana.

Allah ya ba dakarunmu nasara, ya dawo mana da su lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Yayan wani soja, a madadin iyalan sojojin bakin daga mazauna birnin Kano.